Ranar Da Aka Hana Yaya 'Yar Ƙaninta

"Ni fa ba zan kai 'yata gidan Yaya ba!"

Malama ce ta faɗi haka tana ninke kayan jaririya a bakin gado, ko ɗago kai ba ta yi ba. Saura kwana tara hutun haihuwarta ya ƙare ta koma makarantar da take koyarwa, har yanzu kuma ita da mijinta ba su tsayar da inda za a riƙa ajiye Gimbiya ba, 'yarsu mai wata huɗu.

Mijin nata, Auta, ya dire jakar kayan aikinsa a bakin ƙofa. "Haba Malama! Yayar tawa? Ina da shekara biyar mahaifiyarmu ta rasu, ita ta raine ni. Ga ni nan, me na rasa?"

"Kai kaɗai ne a hannunta a lokacin. Yanzu yara goma sha ɗaya take raino a falo ɗaya, ita kaɗai. Ga murhun gas a ƙasa, ga ƙofa a buɗe, babu lasisi, babu mai zuwa dubawa. Wallahi ina son Yaya, amma hannu biyu gare ta."

Auta ya kau da kai. Ya san gaskiya ta faɗa, abin da ya fi ba shi haushi ke nan.

Kwana uku suka yi suna zaga gidajen raino. Na farko ya sha fenti, bango duk zanen tsuntsaye, amma da Malama ta matsa kusa da lasisin da aka rataya sai ta ga wa'adinsa ya ƙare tun bara. A na biyu mai gidan ta tare su a ƙofa ta ce lasisinta yana hanya, kuma iyaye ba sa shiga ciki. Malama ta ja hannun mijinta suka juya. Na uku ɗan ƙaramin gida ne a bayan wani kantin magani, ba shi da wani ado. Shugabar wurin, wadda kowa ke kira Madam, da kanta ta cire lasisin daga bango ta miƙa musu su karanta. Mai raino ɗaya ga jarirai uku. Ta zaga da su kicin da banɗaki da ɗakin barci, ta ce duk lokacin da suka ga dama su faɗo ba sai sun sanar ba.

Nan suka zaɓa, sai cike fom. Akwai layin sunayen waɗanda aka yarda su ɗauki yaro, Malama ta rubuta nata da na mijinta. Can ƙasa akwai layin lambar da za a kira in an nemi iyaye an rasa. Malama ta tafi duba gadaje, Auta ya karɓi biro ya rubuta lambar Yaya, ko tunani bai yi ba. Tun yana yaro in abu ya ɓaci wurinta yake gudu.

Saura faɗa wa Yaya, a nan kuwa ƙarfin halinsu ya ƙare. Da suka je gidanta suka tarar har ta sayi 'yar katifa sabuwa da gidan sauro, ta ware wa Gimbiya lungu kusa da taga.

"Yaushe za ku fara kawo min ita?"

Auta ya dubi Malama, Malama ta dubi ƙasa. Can ta ce, "Ai Yaya, makarantarmu ta ware ɗaki don jariran malamai. Da ita zan riƙa tafiya."

"To, madalla! Ai kusa da nono ya fi," in ji Yaya, ta naɗe katifar ta ɗora a kan kabad tana murmushi.

Kunya ta rufe su har gida. Daga ranar zaman nasu ya soma tsami. Duk sanda Yaya ta bugo ta tambayi yadda Gimbiya take sabawa da ɗakin makaranta, sai Auta ya ƙara wata ƙaryar a kan ta jiya, in ya ajiye waya ya huce a kan matarsa.

"Ke kika mai da ni maƙaryaci!"

"Ni? Kana zaune na faɗa, me ya hana ka gyara?"

Su da a da ba sa iya cin abinci sai tare, suka koma kowa da farantinsa.

A mako na shida Gimbiya ta yi zazzaɓi da hantsi. Madam ta kira Malama, waya a kashe, tana sa ido a ɗakin jarrabawa. Ta kira Auta, shi kuma gyaran lifta, na'urar hawa bene, shi ne aikinsa, yana can cikin ramin wani dogon bene inda waya ba ta shiga. Sai ta kira lamba ta uku.

Sai da azahar suka ga saƙonni. Kusan tare suka iso, Malama da alli a hannun riga, Auta da baƙin mai har gwiwar hannu. Suna tura ƙofa suka daskare. Yaya ce zaune a kan benci, Gimbiya a cinyarta, tana goga mata jiƙaƙƙen tawul a goshi, wata mai raino tana tsaye a gefenta.

Madam ta ce, "Zafin jikin ya ɗan sauka. Baiwar Allah nan ta so ta kai ta asibiti, na ba ta haƙuri. Sunanta ba ya cikin masu ɗauka, sai dai ta zauna da ita a nan. Awa biyu ke nan."

Malama ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Auta ya durƙusa a gaban kowa.

"Yaya..."

"Ashe nan ne makarantar," Yaya ta faɗa a hankali. "Na bar yaran mutane a hannun maƙwabciya, na taho ko takalmi ban sa daidai ba. Na ce musu ni na raini ubanta. Suka ce ba su san ni ba."

Malama ma ta durƙusa ta fashe da kuka. "Laifina ne Yaya, ni na fara ƙaryar. Don Allah ki yafe min!"

"Tashi, yaran mutane na kallonki." Yaya ta share idonta da gefen mayafi. "Da farko raina ya ɓaci, har na ɗaga wa matar nan murya. Da na zauna sai na ce, ni a gidana wa na taɓa hanawa? Duk wanda ya leƙo ya ce shi kawun wane ne, miƙa masa yaro nake yi. Allah ne kawai yake tsare ni. Wurin nan ya fi nawa, ban ji haushin kun kawo ta ba."

Ta juya ga ƙaninta.

"Amma kai Auta, na yi maka wanka, na wanke maka kashi, na yi jinyarka. Me ya rage a duniya da za ka ɓoye min? Mako shida ina tambayarka, kana shirya min labari kamar wata baƙuwa!"

Auta ya matso kusa da ita. Hawaye kawai yake yi, ƙato da shi, ya kifa kai a gwiwarta.

Tare su ukun suka kai Gimbiya asibiti, likita ya ce abin da sauƙi. A hanyar dawowa Malama ta laluɓo hannun mijinta ta riƙe, bai janye ba. Yaya dai ta yafe, amma sai da aka yi wata guda kafin ta koma tsokanar Auta kamar da, shi kuwa ya daure, kullum ya tashi aiki sai ya biya ya gaishe ta. Daga baya ta rage yaranta zuwa shida, ta ɗauki mataimakiya, Malama ce ma take raka ta ofis neman lasisi.

Babu laifi iyaye su zaɓa wa ɗansu inda hankalinsu ya kwanta, ko da ba gidan ɗan'uwa ba ne. Da sun faɗi gaskiya tun ranar farko, da Yaya ta ji zafi na kwana biyu ya wuce. Kunyar minti biyar suka guje wa, suka sa matar da ta raini Auta ta ji labarin 'yarsa a bakin wadda ba ta taɓa gani ba.