Sau Ɗari da Huɗu Aka Doke Emlyn Probert

Jiƙe sharkaf Gethin Treharne ya shiga zauren ƙungiyar tsofaffin 'yan dambe ta garin Merthyr, ranar Lahadin farkon wata. Marubuci ne a wata 'yar mujallar dambe, tsofaffin hotuna ya zo nema. Hoto dai bai samu ba, sai ya samu Nesta tana zuba wa dattawa shayi.

"Kai ba ɗan dambe ba ne," ta ce tana miƙa masa kofi.

"Ya aka yi kika sani?"

"Hancinka a miƙe yake. Duba na kowa a ɗakin nan."

Ya duba, ya fashe da dariya. Ita murmushi kawai ta yi, irin na wadda ta daɗe ba ta yi ba. Ta ce babanta ne ɗan ƙungiya, ba ya jin daɗi, ita take zuwa a madadinsa. Da ta ce sunanta Nesta Probert bai kawo komai a ransa ba, don masu sunan Probert a kwarin nan ba sa ƙirguwa.

Kafin wata uku, bawan Allah ya faɗa har wuya. Ya tura mata saƙo:

"Cariad, masoyiyata, tun da na sha shayinki, na kowa ya zame min ruwan zafi."

Ta mayar masa:

"Mai Miƙaƙƙen Hanci, rage daɗin baki. Asabar ka zo ka gaida Baba. Ka zo da safe, da safe ya fi gane mutane."

A kujerar kusa da taga ya iske babanta, Emlyn Probert, hannuwansa na rawa a kan gwiwa. Tsohon ya tambayi Nesta sau biyu ko ta ɗora shayi, alhali kofin na gabansa. Amma da ta faɗi sunan baƙon, sai ya ɗago kai a hankali.

"Treharne? Mai rubutu?"

Nan ne Gethin ya tuna. Kowa a Merthyr ya san gardamar da ba ta ƙarewa a mashaya: tsakanin Huw Maddox da Alun Beynon, zakaru biyu da garin ya haifa, wa ya fi? Shekara biyu da suka wuce Gethin ya ce zai raba gardamar. Ya jera duk waɗanda kowannensu ya kara da su, ya duba sau nawa suka ci, sau nawa aka ci su, ya ba Beynon. Ya sha yabo, ya manta.

Emlyn ya zaro wata takarda daga aljihun rigarsa, ta yi laushi don ninkewa. Bai ma buɗe ta ba, da ka ya karanto:

"Maddox ya gina sunansa ne a kan buhunan naushi irin su Emlyn Probert, wanda aka doke sau ɗari da huɗu."

"Baba, ban san..."

"Ni ba babanka ba ne. Buhu ba ya haihuwa. Fita min daga gida."

Da yamma saƙonta ya shigo:

"Ban taɓa duba sunan wanda ya rubuta ba, Gethin. Mutumin da yake manta sunan marigayiya Mama bai manta maganarka ba. Ina sonka, ba zan ɓoye ba, amma ba zan aure ka yana jin zafinka ba. Likita kuma ya ce kafin sanyi ya dawo, ni ma ƙila ba zai gane ni ba. Kar ka kira."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Sati biyu abinci ba ya shiga. Abin da ya fi cin ransa shi ne, lambar gaskiya ce, ya sake ƙirgawa, ɗari da huɗu ne cif. To ta ina zai ba da haƙuri a kan gaskiya?

Ya je wurin Huw Maddox, wanda yanzu yake soya kifi da dankali a wani shago a Dowlais. Maddox ya ji labarin, ya aje matsamin hannunsa.

"Ashe kai ne sakaran! Sau nawa aka kai shi ƙasa har aka tsayar da wasa?"

"Ban duba ba."

"Ba ka duba ba! Uku, yaro. Cikin karawa ɗari da goma sha uku. Ka san aikin masu cike gurbi kuwa? Ran Alhamis a bugo maka waya, ran Asabar kana gaban wani matashi da gari ya sayi tikiti dominsa. In aka sumar da kai, hukuma ta hana ka dambe sati huɗu, yara su sha iska. In ka cika cin wasa, waya ta daina ƙara, don babu mai kawo ɗan lelensa a lalata masa tarihi. Dole ka tsaya da ƙafarka har ƙararrawar ƙarshe, kuma kar ka ci. Kana jin aikin rago ne wannan?"

Maddox ya nuna masa wani ɗan yatsa da ya karkace.

"A kansa na karya wannan. Turmi takwas ina nemansa ban same shi ba. A na shida ya rungumo ni, ya raɗa min a kunne, ɗaga hannun damanka, yaro, za su kashe ka a London. Na ɗaga. Da shi na ɗauko kambun."

Wata biyu Gethin ya yi yana bin tsofaffin zakaru gari gari, duk wanda ya taɓa karawa da Emlyn. Yana rubutu, sanyi na matsowa. Da ya gama ya tura wa Nesta layi ɗaya:

"Ki kawo shi taron Lahadi, ko da shi ne na ƙarshe da zan roƙe ki."

Ta kawo shi, amma a keken guragu, ya rame, idonsa na yawo a bango. Aka buga ƙararrawa sau goma domin waɗanda suka rasu a watan, kamar yadda aka saba. Sannan Gethin ya miƙe, ya karanta abin da ya rubuta. Ya ce ya auna zakaru da ma'aunin jahilci. Ya ce Maddox ya wuce ta hannun malamin da Beynon bai taɓa samu ba, kuma zakaru bakwai sun shaida a gaban Emlyn Probert suka koyi dambe.

Emlyn ya jawo hannun 'yarsa.

"Wane ne wannan Probert ɗin? Namiji ne."

Gethin ya sauke takardarsa. Ya makara ke nan. Nesta ta durƙusa, hawaye na zuba.

"Kai ne, Baba."

Tsohon ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"Ni ne," ya ce a hankali. "Sau uku kacal aka tsayar da wasana. Na Cardiff ma alƙalin wasa ne ya yi gaggawa, ban faɗi ba."

Dattawa suka kwashe da dariya suna share ido. Emlyn ya laluba aljihu, ya miƙa wa Gethin tsohuwar takardar.

"Riƙe kayanka, na gaji da ɗaukarta. Kana son 'yata?"

"Fiye da raina, Baba."

"To ku yi sauri, tun ina nan."

Bayan sati biyar aka ɗaura aure a ƙaramin cocin unguwarsu, ruwa na zuba kamar kullum. Maddox ne ya turo keken, Nesta na riƙe da hannun babanta. A ranar Emlyn bai san sunan kowa ba, har nata. Tsofaffin 'yan dambe suka yi layi biyu a ƙofa suna sa albarka, Allah ya ba da zaman lafiya, Allah ya ba da 'ya'ya masu miƙaƙƙen hanci.

Da aka kaɗa ƙararrawar coci, Emlyn ya zabura ya dunƙule hannu ya kare fuskarsa. Gethin ya sunkuya ya rungume shi don ya natsu. Tsohon ya kwantar da kai a kafaɗarsa, ya raɗa masa a kunne:

"Ɗaga hannun damanka, yaro."

Gethin ya ɗaga. Nesta ta kama hannun ta riƙe.