Buƙatar da Ta Haura Teburin Baba

Ranar da Mai Agogo ya fara shigowa kamfanin gyaran firij na Baba, 'yarsa Auta na zaune a teburin karɓar ƙorafi, wata mata na zazzaga mata masifa ta waya a kan firjin da aka ƙi zuwa dubawa. Ya tsaya riƙe da jakar kwamfuta, siriri, rigarsa ta ɗan yi masa yawa. Da ta ajiye wayar ya ce, "Sannu da haƙuri."

"Idan kai ma firjinka ne, bi layi," ta ce.

Har yau in ta tuna sai ta yi dariya. A zamanin ofishin ɗaki biyu ne kacal, da wata fanka mai kuka kamar za ta faɗo. Masu gyara wa mutane sanyi, su kuwa zufa suke sha.

Baba ne ya ɗauko shi ya saita musu manhajar da za ta sa wa kowane aiki wa'adi. Da zarar an shigar da buƙata agogo ya fara tafiya: kore, sai ruwan ɗorawa, sai ja. In ta yi ja ba a amsa ba, ta haura teburin Baba da kanta, ta kuma fito a babban allon bango kowa ya gani. Baba mutum ne da saɓa alkawari ke ƙona wa rai, shi ya kafa sharaɗin da bakinsa: "Ba a goge buƙata, amsa ta ake yi. Ko ni na makara, allon nan ya tona ni."

Auta aka ce ta zauna kusa da saurayin ta koya. Ita ta laƙaba masa Mai Agogo. Koyon da ya kamata ya ƙare da wuri sai ya yi ta tsawo, don kullum akwai abin da ba ta gane ba, shi kuma kullum akwai abin da ya manta bai nuna ba.

"Autar Baba, saƙona ya shiga ruwan ɗorawa fa," yakan rubuto.

"Mai Agogo, ni ba firij ba ce. Ka jira."

Wani yammaci ya shigar da wata buƙata ya tura teburinta. Ta buɗe ta karanta: "Matsala: zuciya ta daina sanyi tun da ta ga Auta. Abin da ake nema: aurenta."

Kunya ta rufe ta, ta kashe kwamfutar ta gudu gida tana murmushi, da niyyar gobe ta amsa masa ido da ido. Daga ita har shi, ba wanda ya tuna da agogo.

Washegari ta tarar da makanikai cirko-cirko a gaban allon bango. Ga buƙatar jajir, sunan Baba a gefenta.

Baba ya kira Mai Agogo ofis, ƙofa a buɗe. "Aiki na kawo ka yi ko neman 'yata? Na'ura ce za ta tambayar maka aure? Ina da ɗan aminina da nake duba mata. Goge shirmen nan."

"Baba, na yi kuskuren hanya, ka yafe mini," ya ce. "Zan iya gogewa. Amma ba gwaji ba ne. In na goge, na ce ƙarya na rubuta."

"To ka gama aikinka. Kada in ƙara ganin ƙafarka a nan."

Ya fita bai kalle ta ba. Da rana saƙonsa ya shigo: "Shirunki ma amsa ce, na gane. Allah ya haɗa ki da alheri."

Ta shige bayan tsofaffin firjin ta yi kuka mai isarta, sannan ta rubuta: "Kunya ce ta cinye wa'adin, Mai Agogona, ba ƙi ba. Kai nake so."

Jan nan kuwa ya zauna daram a bango. Baba ya shigo ya gan shi, ya fita ya gan shi. In ya yi wa makanike faɗan makara, sai makaniken ya sunkuyar da kai, ya ɗan saci kallon allo. A gida Mama ta ce, "Ashe dai allon ya tona ka ɗin."

Ran nan Baba ya tsaya a kan Auta, hannuwa a baya. "Ke, yaya ake tsayar da agogon nan?"

"Sai an mayar wa mai buƙata, Baba. In ana jiran wani abu daga wajensa."

"Yaron ya gwammace kora da janye maganarsa." Baba ya dube ta. "Kina son sa?"

Ta rufe fuska da mayafi, ta gyaɗa kai.

Baba ya ja kujera, ya gyara tabarau, ya yi ta laluben haruffa da yatsa ɗaya. Jan ya ɓace daga bango. A ƙasan buƙatar an rubuta: "Ana jiran mai buƙata. Ka turo manyanka."

Wannan karon ko ruwan ɗorawa agogon bai kai ba, manyansa suka iso.

An yi biki, makanikai suka yi ta tsokanar ango da cewa shi kaɗai ne kwastoman da ya taɓa sa maigida makara. Yanzu kamfanin ya girma, an sauya manhaja, fankar nan ta tafi, Baba ma ya riga mu gidan gaskiya. Amma Auta na da hoton allon a wayarta, takan nuna wa 'ya'yanta abin da kakansu ya rubuta da yatsa ɗaya ranar da ya rufe buƙatar:

"An biya buƙata. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Kada in ji ƙorafi."