Rigunan da Ba Kowa a Cikinsu

Ana kiran magariba Iya Hadijatu ta ji takun takalmi a ɗakin ɗanta Harisu, ɗakin da yake kulle tun tafiyarsa Legas. Can yake zane a jikin riguna da kambas: rijiyar Kusugu da ruwan hoda, raƙumi da baƙin tabarau, irin shirmen da samarin yanzu ke rububinsa. Duk zanen da ya fitar sai ya aiko da na farko gida, da kashedin kada a sa, kada a cire daga leda, wai darajarsa ke nan. Iya takan buɗe ɗakin ta rataye su da ledarsu, ta mayar da kwaɗo. Kaya na zuwa Daura, mai kayan kuwa ko da sallah ba a ganinsa.

Iya ba ta gaya wa kowa ba. Kewa ta riga ta cinye ta, takun nan daɗi ya yi mata.

Sannu a hankali tsakuwa ta fara sauka a kan kwano. Wata almuru autarta Kubura ta yanke jiki ta faɗi a bakin ɗakin, ta tashi sanye da rigar raƙumin, alhali kwaɗo na nan a rufe. Ta daina ci, ta daina magana.

Aka kira Malam Sha'aban. Ya daɗe yana karatu kafin wata muryar namiji, a gajiye, ta fito daga bakin yarinyar.

"Me ya kawo ka gidan mutane?" in ji Malam.

"Riguna na tarar rataye ba kowa a cikinsu, na ɗauka kufai ne. Da na wuce, amma tsohuwar nan kullum sai ta tsaya a ƙofa ta ce, Harisu, ka wuni lafiya? Ba mai amsawa. Ni na tausaya."

"Yarinyar fa?"

"Ba ni da bakin amsawa sai nata. In tsohuwa ta sallame ni da kanta, na tafi."

Malam ya juyo. "Hajiya, magana ta dawo gare ki."

Iya ta dubi ƙasusuwan wuyan Kubura. Hawaye ya zubo mata.

"Jeka, bawan Allah. Na gode."

Kubura ta yi atishawa, ta nemi ruwa. Bayan tafiyar Malam, Iya ta kira wayar Harisu. Ta yi ta ƙara har ta tsinke.