Teku a Cikin Baho

Ana idar da sallar Juma'a a Masallacin Huaisheng, Sufeto Ma bai ko gama ɗaure takalminsa ba ya ji hayaniya a bakin titi. Ɗan China ne, Musulmi, amma a Kano ya yi ƙuruciyarsa lokacin da mahaifinsa ke aiki a wata masaƙa. Hausarsa ta 'yan Fagge ce tsantsa, shi ya sa 'yan kasuwar Guangzhou suka laƙaba masa Sufeto Ma'azu.

Wani mutum ne tsaye bayan farar mota, hannu biyu a ka. Ghali ke nan, dillalin da ke yi wa mutane jigilar kaya zuwa tashar jiragen ruwa ta Huangpu.

"Ranka ya daɗe, an kashe ni! Na shiga salla, na fito, babu kayan."

"Wane kaya?"

Kafin ya amsa, tasi ta tsaya, wata mata ta fito da gudu. Saffana ce, 'yar Kano mai bincike a wata cibiyar nazarin teku. Ta leƙa bayan motar, ta ga wayam, ta juyo wurin Sufeto.

"Murjani ne mai rai, Sufeto," in ji ta. "Ba na sarƙar wuya ba. Halitta ce da ke gina duwatsu a ƙarƙashin teku, a nan kifi ke hayayyafa. Zafi ya kashe su a kudu, tsirarun da suka jure muka ɗebo, muka yi ta rainonsu kamar irin tumatir kafin dashe. Yau jirgi zai kai su a dasa. Ba mu da wasu."

"Za su daɗe a hannun ɓarawo?"

"In yana cikin ruwansu, su kai gobe. In an raba su da shi, ba za su ga magariba ba. Ni na ce a ba Ghali aikin, don na gida ne."

Sufeto ya ji tausayinta ƙwarai, amma tausayi ba ya kama ɓarawo. Ya tsuguna bayan motar. Wani farin abu ya bushe a kan matakala da ƙarfen baya. Ya dangwala, ya ɗanɗana. Gishiri. Ya duba kwaltar da ke ƙarƙashi, ƙalau take, ko ɗigo babu.

"Akwatunan suna da nauyi?"

"Cike suke da ruwan teku. Sai ƙarti biyu suke ɗaga ɗaya."

Ya gyaɗa kai. An tuntsurar da ruwa daga motar nan, kuma ba a wannan titin ba.

"Malam Ghali, wa kake zargi?"

"Moussa, mutumin Maraɗi. Jiya ya yi ta tambayata abin da zan ɗauko."

A kasuwar tufafi ta Canaan Sufeto ya sami Moussa yana ninke riguna.

"Ina kake lokacin salla?"

"Masallaci, mushe," in ji shi, wato yallaɓai a bakin mutanen Nijar. "Sahun gaba ma."

"Ni ma a sahun gaba nake. A dama kake ko hagu?"

Moussa ya fara zufa. Ya ninke riga ɗaya sau uku.

"Wallahi ban taɓa kayan kowa ba. Ina gidan abincin Aicha. Aurenta nake nema, lokacin salla ne kawai babu jama'a, ake samun magana. Don Allah kar liman ya ji."

"Wannan tsakaninka da Ubangijinka ne. Tashi mu je."

Hajiya Aicha tana da ɗan gidan tuwo a wani lungu na Sanyuanli. Ta tabbatar da maganar Moussa tana rufe fuska da mayafi, sannan ta ajiye wa Sufeto tuwo da miyar kuka, don a wurinta ko sammaci ka kawo sai ka ci. Ya kai loma ɗaya ya tsaya.

"Hajiya, yau miyar lami ce?"

"Gishiri meyo, Sufeto, babu shi ko na magani! Ghali ya zo da hantsi ya sungume mini buhu guda, wai kilishi zai yi. Na ce kilishi a garin nan da rana ba ta busar da ko hankici?"

Sufeto ya ajiye cokali.

"Da mota ya zo?"

"Da farar motarsa. Hannuwansa duk sun yi ja, yana ta susa."

"Ina sitonsa?"

"Bayan kasuwa, hawa na biyu."

Ya fita yana buga waya. Ya ce wa Saffana ta taho da duk ruwan tekun da cibiyarsu ke da shi, ya kuma sa wani kofur ya kawo Ghali daga ofishin 'yan sanda, inda yake zaune yana jiran a rubuta ƙararsa.

A gindin matakalar siton, kwata ta yi fari fat da busasshen gishiri. Ghali ya iso, hannuwa cikin aljihu.

"Fito da hannunka."

"Omo ne ya ci ni, ranka ya daɗe."

"To. Ina kilishin?"

"Wane kilishi?"

"Na buhun gishirin Hajiya Aicha. Buɗe mu ɗanɗana."

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ghali ya lalubo makulli, ya buɗe ƙofa.

Tsakanin dilolin atamfa, manyan bahunan wanki ne jere, cike da ruwan famfo. Ga buhun gishiri ya kusa ƙarewa, ga muciya da aka dama da ita. A ciki rassan murjanin suke kwance, sun fara koɗewa, wani yauƙi na fita daga jikinsu.

Saffana ta shigo da abokan aikinta ɗauke da jarkoki. Ta yi salati ɗaya, ba ta ko dubi Ghali ba. Ta naɗe hannun riga, ta shiga tsamo su ɗaya bayan ɗaya tana mayarwa cikin akwatunansu da aka sake cikawa da ruwan teku na asali. Waɗanda suka riga suka mutu ta ware gefe, hawaye na zuba, hannunta bai tsaya ba.

Sufeto ya juyo kan Ghali.

"Ka ɗauko kaya da safe, ka biyo nan. Kai kaɗai ne, akwatuna sun fi ƙarfinka, ka zubar da ruwan, ka kwashi murjanin da hannu har ya ci maka fata. Sannan ka kai mota fanko masallaci ka ɗora hannu a ka, ka kuma liƙa wa bawan Allah sata. Wa zai saya?"

Ghali ya sulale ƙasa.

"Wani laoban ne, babban mai shago, mai sayar wa attajirai kifin ado. Ya ce irin wannan babu shi a kasuwa, in ajiye masa zuwa dare. Ni ban yi niyyar kashe su ba. Na ɗauka ruwan teku ai ruwa ne da gishiri. Har ɗanɗanawa na yi, na ji ya yi daidai."

"Ya yi daidai da miya," in ji Sufeto. "Allah Ya yi teku, kai ka zo da muciya."

Ya karɓi sunan mai sayen, ya tura 'yan sanda biyu shagonsa. Kofur ya danna wa Ghali ankwa.

Rana ta yi ƙasa. Saffana na durƙushe gaban akwatin ƙarshe, ta ƙura ido. Can sai ta ɗaga hannu.

"Sufeto, zo ka gani."

Ya sunkuya. A jikin wani reshe, wasu 'yan mitsi-mitsin yatsu suna leƙowa, suna motsi a hankali cikin ruwa. Na kusa da shi ma haka, da na bayansa.

"Wannan mene ne?"

"Sun farfaɗo," ta ce, tana dariya tana kuka. "Mafi yawansu sun rayu. A kira jirgi, a ce ya jira mu!"

Abokan aikinta suka kaure da sowa, Moussa da ya biyo su ya yi kabbara da ƙarfi. Sufeto kansa, da ba a cika ganin haƙoransa ba, sai da ya dara.

Kofur ya ja Ghali zuwa matakala. Sufeto ya tare su da hannu.

"Dakata. Bari masu gida su fara wucewa."

Ghali ya raɓe jikin bango da ankwa a hannu, yana kallo aka sauko da akwatunan ɗaya bayan ɗaya, ƙarti biyu a kowanne, cike da ruwa. Sai da na ƙarshe ya shiga mota ta kama hanyar Huangpu, sannan aka tasa ƙeyarsa.