Manomin da Ya Zaɓa wa Sauro Iri

A wani zamani, a wani gari na bakin fadama, an yi wani manomin tumatir. Kullum in ya gama feshi, sai ya wanke famfon feshin maganinsa a kududdufin bayan gida, inda 'ya'yan sauro ke wutsil-wutsil.

Damina ta fari suka mutu, kaɗan suka rage. Damina ta biyu suka mutu, da dama suka rage. Damina ta uku ya wanke, ko ɗaya bai mutu ba.

Wata safiya ya ɗaga gidan sauro mai magani zai tashi 'yarsa, sai ga sauro zaune a jikin ragar, ciki jawur. Jikin yarinya kamar garwashi. Kwana uku aka kai ta makwancinta.

Mutanen gari suka kama mai sayar da ragar za su kore shi, wai jabu ya kawo. Yana rantsuwa yana cewa, "Maganinta mai kyau ne, dangin na feshin gona ne."

Uwar manomi ta jawo ɗanta gefe. Ta ce, "Ɗan nan, wace zangarniya ake ajiyewa iri?"

"Wadda ta jure fari, Inna."

"To, shekara uku wa kake ragewa a kududdufinka?"

Nan ya gane: sauron da ya jure maganinsa shi ya rage ya hayayyafa. Da a ce ya yi shiru, da ba mai sani. Sai ya ratsa taron ya riƙe hannun mai sayar da ragar.

Ya ce, "Ku sake shi. Ku biyo ni bayan gidana, ku ga abin da na rena."