Dutsen da Aka Musanya

Dab da magariba Barmo ya saɓa guga ya nufi tsohuwar rijiyar da ke bayan ƙauyensu, kusa da Ollelewa. Ba ƙishirwa ta fito da shi ba. Abin da ya gani a kasuwa ne ya hana shi zama.

Da rana Idris, malamin lakwal, wato makarantar boko, ya miƙo masa waya yana ta murna. Labari ne daga cibiyar binciken teku ta wata jami'a da ke can bakin ruwa: wai Haris, ɗan ƙanwar Barmo, ya kai musu shaidar cewa ƙasarsu ta Damargu ta taɓa zama ƙarƙashin teku. Ga Haris cikin farar riga, baki har kunne. A gabansa, cikin akwatin gilashi, wani dutse ne nannaɗe kamar ƙahon rago, gefensa a ɓalle. Barmo ya san wannan ɓallin, tun yana yaro yake shafa shi.

Dutsen na masu rijiya ne, waɗanda ba a gani. Tun kakanni, ranar yasar rijiya ake fito da shi, a mayar kafin rana ta faɗi, su kuma su bar wa gari ruwan daɗi. Gidan su Barmo ke riƙe da wannan amana. Yasar bana ta tarar da Haris a gida.

"Kawu, hoto kawai zan ɗauka in auna shi. Wallahi yanzu zan kawo."

Ya kawo kuwa, ƙulle cikin tsumma. Barmo bai ko kwance ba. Wa zai binciki yaron da ya ɗora a wuya ya kai makaranta? Da hannunsa ya zura ƙullin cikin rijiya. Tunawa da haka ya fi komai yi masa ciwo.

Bakin rijiya ba kowa. Ko kurciya ba ta kuka.

Ya zura guga. Rijiyar gaba talatin ce, amma igiya ba ta kai gaba biyar ba ya ji ta taɓa ruwa.

Sai wari ya taso, ƙarnin kifi da gishiri.

Ya jawo guga. Tsumman nan ne a ciki, a kwance, da wani banzan dutse irin na murhu.

Daga ƙasa wata ƙara ta fara tasowa. Shuuu. Ta ja da baya. Ta dawo. Sau ɗaya ya taɓa jin irinta, a wayar Haris, ranar da ya nuna masa teku.

"Barmo," aka raɗa, muryoyi da yawa a haɗe. "Ina kayanmu?"

"Ban sani ba... an yaudare ni ne..."

"Da hannun wa aka zuro mana wannan?"

Igiya ta naɗe masa wuyan hannu. Aka ja. Ƙirjinsa ya bugi kututturen bakin rijiya. Ruwa ya cika har baki, baƙi ƙirin, ga fararen fuskoki a ƙarƙashinsa, ba sa ƙiftawa.

Sanyi ya taɓa gemunsa.

Ya lalubo wuƙar damtsensa, ya yi a'uziyya, ya daddage ya datse igiyar. Bai san lokacin da ya kai gida ba, rigarsa sharkaf, bakinsa duk gishiri.

Washegari ruwa ya koma inda yake, amma ko jaki bai iya shan sa ba don gishiri. Mata suka koma tafiyar rabin yini neman ruwa da bido, wato jarka. Ba wanda ya zagi Barmo. Gaisuwa ce dai ta ragu, wannan kuwa ya fi zagi. Ya kira Haris ya fi sau ashirin, ba a ɗauka.

Bayan sati uku Haris ya kira da kansa, muryarsa cike da zumuɗi.

"Kawu, da gaske rijiyarmu ta koma ruwan teku? Don Allah ka cika mini kwalba biyu ka rufe da kyau. Cibiya za ta turo mu wata mai zuwa. Kuma ka tuna, ba wani dutsen da ya rage a ciki?"