Waƙar Daka Daga Kumasi

Haulat na zaune a gindin darbejiyar tsakar gidansu a Gaya, waya dab da bakinta, tana magana a hankali kamar mai rarrashin jariri.

"Assalamu alaikum, 'yan uwana na guruf ɗin Matan Gaya da Ajingi. Filis, ku daina cewa ba ku da abin nunawa! Ke mai ƙuli-ƙuli, ke mai saƙar faifai, ke mai kitso — ba sai an ga fuskarki ba. Ki jingina wayar a jikin kwano, ki ɗauki hannuwanki suna aiki. Bidiyon minti ɗaya ya isa. Ki turo mu gani, mu ma mu koya."

Mahaifiyarta, Umma, ta ɗago daga tankaɗen da take yi. "Ke dai kin mai da wayar nan ajin Islamiyya."

"Ai aji ne, Umma! Mun haura ɗari huɗu fa. Ga 'yan Kademi, ga 'yan Toranke, har da waɗanda aure ya kai Legas da Ghana."

Tana ambaton Toranke ta yi murmushi, ta sunkuyar da kai. Can ne garin Uwais, malamin firamare a Ajingi, wanda in ya tashi daga makaranta yake taya mahaifinsa noman gyaɗa. A wayar wata gwaggonsa ya fara jin muryar Haulat tana bayanin yadda ake dama kunun gyaɗa, ya yi ta cigiya har ya gano gidan mahaifinta, Malam Uthman. An kai gaisuwa, an sa rana bayan kaka. Tun daga nan, in Haulat ta lumshe ido sai ta ga kanta a bakin gonar da ba ta taɓa gani ba, furannin gyaɗa ruwan ɗorawa har iyakar gani, Uwais na tahowa da fartanya a kafaɗa.

Ran nan da la'asar Baffa Kabo, ƙanin mahaifin Uwais, ya yi sallama. Ya daɗe a zaure. Da ya tafi, Malam ya kira Haulat, ta durƙusa a gabansa.

"Hansai, mahaifiyar yaron nan, ta ce a dakata da maganar biki," in ji shi. "Wata ta tare ta a kasuwar Ajingi, ta ce mata ɗanta zai auro 'yar bidiyo, wadda duniya ke jin muryarta."

"Baba, wallahi ban taɓa nuna ko gefen fuskata ba!"

"Na sani. Ni da kaina na kalla, ban ga ɓarna ba. Amma uwa ce, tsoro take ji wa ɗanta. Ki ajiye abin nan har hankali ya kwanta."

"To, Baba."

Ta shiga ɗaki ta faɗa jikin Umma, ta yi kuka har muryarta ta dishe. Kafin magariba ta miƙa wa wata ƙawarta shugabancin guruf ɗin, ta fita daga ciki, ta cusa wayar a ƙasan akwati.

Bayan kwana uku Uwais ya zo, idanunsa sun faɗa. Suka tsaya a soro, tana kallon ƙasa.

"Na kai wa Inna wayar ta gani da idonta, ta ce in ɗauke mata," ya ce. "Haulat, na gaji! Gobe zan gaya mata, ko ke ko in fasa aure har abada."

"A'a, Malam Uwais, kar ka soma! In ka ɗaga mata murya saboda ni, da wane ido zan shiga gidanku? Ka ci gaba da gaishe ta kamar kullum. In ni rabonka ce, ba inda za ni."

"In kuma ba ta sauko ba fa?"

Hawaye ya gangaro mata. "Sai mu yi haƙuri."

Aka tuge gyaɗa, aka shanya, aka kai gida. Ranar da aka sa ta zo ta wuce shiru. Haulat na koyar da yara mata a makarantar mahaifinta da safe, da yamma ta zauna tana kallon motocin Ajingi ta ƙofar soro. Wani lokaci sai ta ji kamar guda na tasowa daga nesa, ta kasa kunne, ashe iska ce a ganyen bishiya. Ƙawarta kan zo ta ce, "Matan nan fa sun ƙi dainawa, kullum sai an yi fostin ɗin bidiyo, suna ta tambayarki." Haulat ta yi murmushi kawai.

Wata Talata da hantsi sai ga sallamar wata dattijuwa doguwa, mayafinta duk ƙurar mota. Umma ta miƙe da sauri. Inna Hansai ce da kanta! Haulat ta kawo ruwa, ta durƙusa ta gaishe ta, za ta tashi dattijuwar ta riƙe hannunta.

"Zauna, 'yar nan. Wurinki na zo."

Ta goge ido da bakin mayafi, ta dubi Umma.

"Shekaranjiya muna ɓarar gyaɗa, matar maƙwabcinmu ta kunna abin nan nasu a wayarta. Na buɗe baki zan ce ta kashe, sai na ji wata na daka tana waƙa:

*Taɓarya tashi, turmi na jira,*
*Kademi da nisa, uwa na kira.*

"Maman Haulat, sai da ƙoƙon hannuna ya faɗi! Mahaifiyarmu 'yar Kademi ce, ita ta ƙagi waƙar nan, ba wanda ya san ta sai ni da ƙanwata Suwaibatu. Shekara talatin da biyu ke nan da mijinta ya tafi da ita Kumasi. Ya rasu, saƙo ya yanke, har mun fid da rai. Na fizge wayar na duba. Ba fuska, hannuwa ne kawai, amma ga tabon ƙunar da ta yi a babban yatsa muna yara!"

"Allahu Akbar!" in ji Umma.

"Babana ya nemo lambar," ta ci gaba, tana nufin Uwais. "Jiya na ga ƙanwata ido da ido a cikin waya. Mun yi kuka har cajin ya ƙare. 'Yarta Muhsina ce ta ɗauke ta a bidiyon. Yarinyar ta ce a da kunya take ji, wai Hausarta ta Ghana ce, za a yi mata dariya. Wata Anti Haulat ce ta yi ta bin ta da saƙo tana ƙarfafa mata gwiwa, sai yanzu ta yi ƙunar bakin wake ta turo."

Haulat ta tuna yarinyar. Sau uku tana ce mata, "Hausarki mai daɗi ce, ki ɗauki Mama tana aiki." Ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na rawa.

"Na yanke miki hukunci da maganar kasuwa," in ji Inna Hansai. "Wata uku, ko kalma ɗaya marar daɗi ba ta iso ni daga bakinki ba. Ki yafe mini."

"Haba Inna, ba ki yi mini komai ba!"

"Na yi. Tashi ki ɗauko wayarki, matan nan na jiranki."

Aka sake sa rana, aka ɗaga ta da sati biyu don Suwaibatu ta samu isowa. Ana gobe ɗaurin aure motar Kano ta sauke ta a tashar Ajingi, ita da Muhsina. Waɗanda suka gani sun ce tsofaffin biyu sun daɗe a rungume da juna a tsakiyar hanya, direbobi kuwa ba wanda ya danna hon. Washegari aka kai Haulat Toranke, Suwaibatu da ta zo daga Kumasi ce ta riƙe hannunta har ɗakinta.

'Yan uwana matasa, waya ba ta da laifin kanta, abin da muka zuba a ciki shi ne namu. Wadda ke da sana'a ko ilimi ta nuna shi cikin mutunci, ta kuma ƙarfafa wa 'yar uwarta gwiwa, don ba ta san ƙofar da Allah zai buɗe da shi ba. Iyaye su bincika kafin su yanke hukunci. In kuma sun ƙi fahimtarmu yau, kada mu ɗaga musu murya. Haulat ta yi shiru ta yi biyayya, ga shi uwar da ta ƙi ta ce ta hau mota da ƙafarta ta zo biko.